Yadda za ka auna makarantar firamare ta gwamnati a Amurka kafin ka sa ɗanka

A unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York, da sauran garuruwan Amurka inda mutanenmu na Najeriya da Nijar da Ghana suka taru, maganar makarantar yara ba ta ƙarewa. Ana yin ta a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ana yin ta a gidan suna. Kusan kullum kuma a kan lamba ɗaya take tsayawa: makarantar kaza maki uku aka ba ta cikin goma, ta can kuwa tara. Lambar nan yawanci daga shafin GreatSchools ta fito, ita ce kuma ake liƙawa a jikin tallan gidajen haya da na sayarwa a intanet. Akwai iyalan da suka kama hayar da ta fi ƙarfinsu saboda ita. Akwai kuma waɗanda suka cire ɗansu daga hannun malamai masu aiki tuƙuru don kawai sun ga lambar ƙarama ce.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, yawan yaran da suka ci jarrabawa a makaranta ya fi nuna maka irin gidajen da yaran suka fito, a kan ya nuna maka ƙwazon malamansu. Ba yau aka fara faɗin haka ba. Tun 1966, binciken da James Coleman ya jagoranta wa gwamnatin Amurka ya nuna cewa halin gidan su yaro yana da nauyi ƙwarai a sakamakonsa. Saboda haka ba a karanta alƙaluman jarrabawa su kaɗai, sai an jera su kusa da alƙaluman ɗaliban kansu. Ga yadda ake yi. Zan riƙa kawo misali da New York, amma tsarin kusan ɗaya ne a duk jihohin.

Fara da makarantar da adireshinka ya ba ka

A mafi yawan gundumomin Amurka, gidan da kake zaune shi ke yanke makarantar firamaren da ɗanka yake da haƙƙin shiga. Kada ka dogara da cewa ga wata nan a bakin layinku, domin iyakar yankunan takan bi ta tsakiyar titi, sai ka ga maƙwabcinka na tsallake makarantarsu daban. Shiga shafin hukumar makarantun gundumarku ka sa adireshinka. A birnin New York shafin MySchools ne yake wannan aiki. Birnin yana da gundumomin makarantu 32, na Bronx su ne daga ta 7 zuwa ta 12. Gundumomi uku, wato ta 1 da ta 7 da ta 23, ba su ɗaure yaro da makarantar unguwa, iyaye ne suke jera zaɓinsu.

Rubuta sunan makarantar yankinku, ka ƙara biyu ko uku da za ka iya kai yaro kowace safiya ba tare da aikinka ya lalace ba. Idan akwai makarantar cata (charter, wato wadda wata ƙungiya take gudanarwa ba hukumar gunduma ba) a kusa ka sa ta a ciki. Ita ma da kuɗin gwamnati take aiki, ba a biyan kuɗin makaranta, sai dai idan masu nema sun yi yawa ƙuri'a ake yi, wanda sa'arsa ta fito ya shiga. Kwatanta makarantu sama da goma ɓata lokaci ne. Uku ko huɗu sun isa.

Nemo rahoton gwamnati, ba na 'yan kasuwa ba

Dokar ilimi ta tarayya da ake kira ESSA, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015, ta wajabta wa kowace jiha ta fitar da rahoton shekara a kan kowace makarantar gwamnati, kowa ya gani kyauta. Na jihar New York yana data.nysed.gov. Birnin kuma yana da nasa taƙaitaccen rahoto mai suna School Quality Snapshot, wanda ya haɗa har da ra'ayoyin iyaye da malamai. Idan wata jiha kake, rubuta sunan ma'aikatar iliminta da sunan makarantar a wajen bincike, zai fito. Don yawan ɗalibai da rabe-rabensu akwai kuma rumbun alƙaluman ilimi na tarayya a nces.ed.gov.

Jihohi sun bambanta wajen yi wa makarantu maki. Texas da Filorida haruffa suke bayarwa daga A zuwa F, Kalifoniya launuka take amfani da su daga ja zuwa shuɗi, Ohio taurari. Ka duba wannan makin, amma kada ka tsaya a kansa, ka gangara cikin rahoton. Shafukan 'yan kasuwa ma daga nan suke kwaso alƙalumansu, sai su cuɗa su da nasu lissafin su fitar da lamba guda. A 2019 jaridar ilimi ta Chalkbeat ta bincika makin GreatSchools, ta gano yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da arzikin unguwa da launin fatar ɗalibai. Shafin ya gyara lissafinsa bayan haka, ya ƙara wa ci gaban ɗalibai nauyi. Duk da haka, wanda ya je tushe ya fi wanda aka kawo wa labari.

Ɗauki takarda ka ja layi, kowace makaranta da gurbinta. Duk abin da za mu duba a ƙasa ka riƙa rubuta shi a jere, da shekarar da aka tattara shi.

Kafin jarrabawa, duba su wane ne a ajin

Mutane da yawa sashen jarrabawa suke fara buɗewa. Ni shawarata ka fara da sashen ɗalibai, domin shi zai koya maka yadda za ka karanta sauran.

Abu na farko, kashi nawa ne 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. A da ana gane wannan ta yawan yaran da ake ba abincin rana kyauta ko a rangwame. Ƙa'idar ita ce, gidan da samunsa bai wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba yaransa kyauta suke ci, wanda bai wuce kashi 185 ba kuma a rangwame. Yanzu wannan ma'auni ya yi rauni, domin makarantu da yawa suna ciyar da kowa kyauta. Birnin New York tun 2017 yake yin haka. Don haka idan ka ga an rubuta cewa duk yaran makaranta suna cin abinci kyauta, ba lallai ne a ce duk 'ya'yan talakawa ne ba. Nemi layin da jiha ta ware wa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, shi ya fi kusa da gaskiya.

Na biyu, kashi nawa ne suke kan koyon Turanci. Na uku, kashi nawa ne masu buƙata ta musamman, waɗanda aka rubuta wa tsarin karatu na kansu da ake kira IEP. Na huɗu, idan rahoton ya kawo, yara nawa ne ba su da matsuguni na dindindin, wato suna gidajen agaji ko suna raɓe a ɗakin 'yan'uwa. A wasu makarantun Bronx wannan adadi ba ƙarami ba ne, kuma yaron da ya kwana a wuri uku cikin zango ɗaya ba za a haɗa karatunsa da na wanda yake da teburinsa a ɗakinsa ba.

Sai kuma rabon launin fata da asali. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Rahoton yana raba yara zuwa farare, baƙaƙe, 'yan asalin ƙasashen Latin, 'yan Asiya da sauransu. Yaron da aka kawo daga Kano ko Zinder ko Kumasi jiya, da wanda kakannin kakanninsa a Amurka aka haife su, duk a layin baƙaƙe za a sa su. Alƙaluman ba za su gaya maka ko akwai 'ya'yan Afirka ta Yamma a makarantar ba, ballantana Musulmi, domin ba a tattara addinin ɗalibai. Wannan sai ka tambaya da bakinka: waɗanne harsuna iyayen makarantar nan suke yi a gida?

Zan faɗi wani abu a fili. Wasu daga cikinmu da sun ga baƙaƙe da 'yan Latin sun yi yawa a makaranta sai su ja da baya, wai a nemi inda farare suke. Wannan tunani ba ya amfanar yaro, kuma 'ya'yanmu ne ake gudu idan wasu suka yi irinsa. Ba don ka zaɓa wa ɗanka launin abokai ake duba wannan sashe ba. Ana duba shi ne don a san da wa za a kwatanta makarantar, kuma a ga ko tana yi wa kowane rukuni adalci.

Yanzu buɗe sashen jarrabawa

Dokar tarayya ta ce a yi wa yara jarrabawar jiha ta karatun Turanci da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da ta kimiyya sau ɗaya a tsakanin aji 3 da aji 5. Mafi yawan makarantun firamare daga ajin share fage suke farawa su ƙare a aji 5. Ka ga ke nan sakamakon da kake kallo na azuzuwa uku ne kawai na sama. Idan ɗanka ɗan shekara biyar ne, malaman da za su riƙe shi shekaru ukun farko babu su a wannan lissafi kai tsaye.

A New York sakamakon yaro hawa huɗu ne. Wanda ya samu 3 ko 4 shi ne ya kai matsayin ajinsa. Lambar da ake yayatawa ita ce kashi nawa cikin ɗari suka samu 3 ko 4. Rubuta ta, ta Turanci daban ta lissafi daban, sannan ka rubuta ta gunduma da ta jiha a gefenta. Kashi 45 a gundumar da matsakaicinta 30 ne labari ne daban da kashi 45 a gundumar da matsakaicinta 70 ne.

Kada ka tsaya a nan. Duba yadda yaran suka rarrabu a hawa huɗun. Makarantar da yawancin waɗanda ba su ci ba suna hawa na 2, dab da tsallakewa, ba ɗaya take da wadda suka taru a hawa na 1 ba, ko da kason waɗanda suka ci iri ɗaya ne.

Akwai tarkuna uku a wannan sashe.

Kada ka kwatanta jiha da jiha. Kowace jiha ita take rubuta jarrabawarta, ita kuma take yanke makin ci. Idan ɗan'uwanka a Houston ya ce makarantarsu kashi 60 suka ci, taku a Bronx kashi 50, babu abin da wannan ya nuna. Jarrabawar da take bai ɗaya a faɗin ƙasar ita ce NAEP, wadda ake yi wa zaɓaɓɓun yara na aji 4 da aji 8, amma ita sakamakon jihohi da wasu manyan birane take bayarwa, ba na makaranta ɗaya-ɗaya ba.

Kada ka yarda da shekara ɗaya. Makarantar firamare ƙarama ce. Idan yara 60 ne a aji 3, yara shida kacal sun isa su ɗaga sakamakon ko su sauke shi da kashi 10. Duba shekara uku a jere. Ka sani kuma a 2020 ba a yi jarrabawar ba saboda annobar korona, a 2021 yara da yawa ba su zauna ba, sannan a 2023 New York ta sauya jarrabawarta zuwa sabon manhaja. Don haka tashi ko faɗuwar da ka gani tsakanin 2022 da 2023 ba lallai daga makarantar take ba.

Duba kuma yara nawa ne suka zauna. Doka tana son kashi 95 cikin 100 su rubuta. A New York akwai iyayen da suke hana 'ya'yansu zama da gangan, har a 2015 kusan ɗaya cikin biyar na yaran jihar ba su rubuta ba. Inda waɗanda suka zauna ba su da yawa, sakamakon ba ya wakiltar makarantar.

Ci gaban yaro: nan ne aikin malami yake bayyana

Idan lokacinka kaɗan ne, wannan sashe za ka ba shi. Tambayar da kason cin jarrabawa yake amsawa ita ce, ina yaran suke yau? Tambayar da ta fi amfanar uba ita ce, daga ina suka taso, kuma nawa suka ƙaru a shekara ɗaya a hannun waɗannan malamai?

Jihohi da yawa, har da New York, suna auna wannan ta hanyar ɗaukar yaro su haɗa shi da sauran yaran jihar da suka samu maki irin nasa bara, su ga wa ya fi gaba bana. Ana ba shi lamba daga 1 zuwa 99, sannan a fitar da matsakaicin makarantar. Hamsin ita ce tsaka-tsaki. Makarantar da take haura hamsin shekara bayan shekara tana tura yaranta gaba fiye da takwarorinsu, ko da kason cin jarrabawarta bai burge kowa ba. Wadda kuma kashi 80 suke ci amma ci gabanta yana ƙasa da hamsin, ƙila yaran da iyayensu suka riga suka koya musu karatu a gida take karɓa, ita kuma ba ta ƙara musu wani abin kirki.

Birnin Shikago ya zama misali a kan haka. A 2017 Sean Reardon na Jami'ar Stanford da abokiyar aikinsa sun nuna cewa yaran makarantun gwamnati na birnin, waɗanda makinsu a aji 3 yake ƙasa da matsakaicin ƙasa, sun yi karatun kusan shekara shida cikin shekara biyar kafin su kai aji 8. Wanda ya kalli makin aji 3 kaɗai zai ce makarantun ba su da kirki, alhali suna cikin waɗanda suka fi tura yara gaba a duk Amurka.

Rahoton birnin New York yana da wani abu makamancin haka: yakan kwatanta sakamakon makaranta da na yara masu irin yanayin ɗalibanta daga faɗin birnin. Nemi wannan layin. Ka tuna dai a firamare aji 4 da aji 5 kawai ake iya auna wa ci gaba, tunda sai yaro yana da makin bara.

Nemo layin ɗanka

Doka ta tilasta a fasa sakamakon rukuni-rukuni: masu ƙaramin ƙarfi, masu koyon Turanci, masu buƙata ta musamman, da kowane launi. Ga dalilin da ya sa wannan ya fi jimla muhimmanci. Mu ƙaddara makarantu biyu, kowace yara 200 suka rubuta jarrabawa. A ta farko, 160 'ya'yan masu hali ne, kashi 70 nasu suka ci, wato 112. Sauran 40 masu ƙaramin ƙarfi ne, kashi 35 suka ci, wato 14. Jimla 126 cikin 200, kashi 63. A ta biyu, 40 ne 'ya'yan masu hali, kashi 75 suka ci, wato 30. Masu ƙaramin ƙarfi 160 ne, kashi 45 suka ci, wato 72. Jimla 102, kashi 51. A idon mai kallon jimla ta farko ce gaba da nisa. Amma sake dubawa: ta biyu ta fi ta a wajen 'ya'yan masu hali, ta kuma fi ta a wajen masu ƙaramin ƙarfi. Ko wane irin gida ɗanka ya fito, yara irinsa sun fi cin jarrabawa a ta biyun. Lissafin nan na misali ne, amma irinsa yana faruwa a rahotannin gaske, kuma sai wanda ya fasa jimlar yake ganinsa.

Idan ka ga ɗigo ko gurbi babu komai a layin wani rukuni, ba ɓoye laifi aka yi ba. Yaran rukunin ne ba su da yawa, ana rufe adadin don kada a gane su ɗaya-ɗaya.

Layin masu koyon Turanci yana buƙatar lura ta musamman, musamman ga iyalan da suka taso daga Nijar ko Kamaru ko Cadi, waɗanda yaransu Faransanci suka fara da shi ko Hausa zalla. Wannan layi kullum ƙasa yake, kuma dole ya zama haka, domin duk yaron da Turancinsa ya yi ƙarfi cire shi ake yi daga rukunin, sababbin zuwa su maye gurbinsa. Abin dubawa shi ne wani ma'auni daban da dokar ESSA ta sa a riƙa bayarwa: kashi nawa ne na waɗannan yara suke ƙaruwa a Turanci yadda ake tsammani kowace shekara. Ka tambayi makarantar malamai nawa take da su masu shaidar koyar da Turanci ga baƙi, kuma a cikin aji ake taimaka wa yaron ko fitar da shi ake yi na wasu mintoci.

A lokacin rajista za a ba ka takardar tambaya a kan harshen da ake yi a gida. Rubuta gaskiya. Wasu iyaye sukan rubuta Turanci kawai don tsoron kada a raina ɗansu, sai yaron ya rasa taimakon da yake da haƙƙinsa, haƙƙin da Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar tun 1974 a shari'ar Lau. Idan kuma ɗanka daga makarantar Turanci ya fito a Najeriya ko Ghana, ka faɗa, gwajin da za a yi masa zai nuna.

Fashi, malamai, girman aji, kuɗi

Kada alƙaluman halartar yau da kullum su ruɗe ka. Makaranta tana iya cewa kashi 92 suna zuwa kowace rana, alhali wasu yara ƙalilan ne suke ta fashi. Nemi adadin masu yawan fashi, wato waɗanda suka rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin shekara, kimanin kwana 18 cikin 180, ko da uzuri ko babu. Bayan korona wannan adadi ya kusa ninkawa a faɗin Amurka. Ajin da kashi ɗaya cikin uku na yaransa suke yawan fashi, malama kullum a maimaita darasi take, ɗanka mai zuwa kullum shi ma yana asara. Wannan magana ta dawo kanmu: tafiya gida da yara ta wata guda a tsakiyar zango, don biki ko gaisuwa, tana jefa yaro cikin wannan lissafi kai tsaye. A bari sai dogon hutun Yuli da Agusta in dai da hali.

A kan malamai, duba kashi nawa ne sababbi da ba su kai shekara uku ko huɗu a aiki ba, da waɗanda suke koyar da abin da ba fanninsu ba, da shekarun da shugaban makarantar ya yi a kujerarsa. Inda ake sauya shugaba duk shekara biyu, da wuya wani tsari ya zauna. Idan makarantar tana karɓar tallafin tarayya na Title I, wanda ake bayarwa don 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kana da haƙƙin tambayar takardun shaidar malamin ɗanka.

Lissafin yara nawa ga malami ɗaya ba shi ne girman aji ba, domin ana haɗawa da malaman da ba su riƙe aji. Tambayi yara nawa ne a ajin da ɗanka zai zauna. Jihar New York ta yi doka a 2022 da ta taƙaita azuzuwan birnin zuwa yara 20 daga share fage zuwa aji 3, da 23 daga aji 4 zuwa 8, amma a hankali ake aiwatar da ita, ba kowace makaranta ce ta kai ba tukuna.

Kuɗin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi shi ma yana cikin rahoton. Ka duba ka wuce. Sau da yawa yawansa alama ce ta cewa masu buƙata ta musamman sun yi yawa, ba alamar wadata ba.

Je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Bayan takardarka ta cika, zaɓi makarantu biyun da suka fi, ka kira ofishinsu ka nemi ziyara a ranar karatu. A birnin New York kowace makaranta tana da jami'in hulɗa da iyaye, shi za ka nema. Idan Turancinka bai kai ba ka nemi tafinta, haƙƙinka ne kuma kyauta ne, manyan takardun birnin kuma ana fassara su zuwa wasu harsuna, ciki har da Faransanci da Larabci.

Tsaya a bangon da aka liƙa rubutun yara 'yan aji 2. Karanta guda uku ko huɗu. Shin kowane yaro da nasa zancen, ko jimla ɗaya suka kwafa daga allo? Akwai gyaran malama a jiki, irin wanda yake gaya wa yaro abin da zai gyara, ko tauraro kawai aka manna? Kwanan watan da ke kan takardun na wannan wata ne, ko tun farkon shekara suke rataye har sun koɗe? Sannan ka leƙa ajin share fage ko aji 1 lokacin darasin karatu. Abin da kake so ka ji shi ne yara suna furta sautin haruffa suna haɗa su su ta da kalma, kamar yadda ake bi da yaro daga babbaƙu zuwa farfaru a makarantar allo. Idan ka ga ana cewa yaro ya kalli hoto ya cinki kalmar, ka yi tambaya sosai. Tun 2023 birnin New York ya fara tilasta wa makarantun firamarensa bin ɗaya daga cikin manhajojin karatu uku da aka amince da su, da nufin gyara wannan matsala. Tambayi wanne suke bi, da kuma abin da suke yi wa yaron da aka ga ya makara a karatu: wa yake zama da shi, sau nawa a mako, yaushe za a sanar da iyaye.

Saurari yadda manya suke yi wa yara magana a baranda da ɗakin cin abinci, inda ba su san ana kallonsu ba. Tambayi maganar abincin halal, domin wasu makarantun birnin suna da shi wasu babu. Hutun Ƙaramar Salla da Babbar Salla kuwa yana cikin kalandar makarantun birnin New York tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, amma a wasu jihohin sai ka rubuta takardar uzuri. Kafin ka tafi, tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi ka gaisa da iyaye biyu ko uku. Tambaye su abu ɗaya: da ɗanku ya samu matsala, kwana nawa aka yi kafin wani ya kira ku?

Rajista

Idan makarantu biyu sun yi kusa da juna a takardarka, ba ci gaban yara da layin ɗanka fifiko, sai yawan fashi da zaman malamai, kason cin jarrabawa ya zo daga baya. Nisa ma abin lissafi ne. Yaro ɗan shekara biyar da zai yi awa guda a jirgin ƙasa kowace safiya cikin sanyin Janairu zai riƙa makara, kai ma ba za ka samu zuwa taron iyaye ba.

A birnin New York yaro yana shiga ajin share fage a shekarar da zai cika biyar, kuma ana cika takardar nema tun lokacin sanyi, watanni kafin a buɗe makaranta a Satumba. Jera zaɓinka bisa yadda kake so da gaske, ka sa makarantar yankinku a ciki. Idan ba a ba ka ta farko ba, za a sa ka a jerin masu jira, ka riƙa bibiya har bayan an koma karatu, domin gurbi yakan buɗe. Tanadi shaidar haihuwar yaro, katin rigakafinsa, da takardun da ke nuna adireshinka. Kada ka ari adireshin wani. Ana bincike, ana mayar da yaro, a wasu jihohin har kotu an kai iyaye.

Rashin takardun zama ba ya hana yaro makaranta. Kotun Ƙoli ta yanke haka a 1982 a shari'ar Plyler, kuma makarantar gwamnati ba ta da hurumin korar yaro saboda matsayin iyayensa. Iyalin da ke zaune a gidan agaji ko a ɗakin 'yan'uwa, dokar McKinney-Vento ta ba ɗansu damar shiga nan take ko da takardunsa ba su cika ba.

Bayan ya shiga, ajiye takardar nan da ka cika. Makarantu da yawa suna yi wa yara ɗan gwajin karatu da lissafi sau uku a shekara, farko da tsakiya da ƙarshe. A taron iyaye da malamai na farko ka nemi a nuna maka sakamakon ɗanka na farkon shekara, ka rubuta shi. A taro na gaba ka nemi na tsakiya, ka ajiye su kusa da juna, ka tambayi malamar ko tazarar da ke tsakaninsu ta kai yadda ake so ga yaro mai shekarunsa.